Kundin aikin lambun gwaji a rairayin gaɓar teku, Badagry

Filin yana yamma da garin Badagry, a kan siririn tudun rairayin da ke tsakanin ƙoramar Badagry da tekun Atilantika, ta wajen hanyar Seme. Tsawonsa mita 50, faɗinsa 40, tsakaninsa da bakin teku kusan mita 600. Tsohuwar gonar kwakwa ce. Abin da ake nema a sani shi ne wane kayan lambu ƙasar za ta ɗauka, a wane wata, kuma da wane ruwa. Galibin masu aikin a fadamun Arewa suka koyi lambu, don haka kwatance da can zai riƙa shigowa.

12 ga Nuwamba, 2023

An haƙa ramuka uku masu zurfin mita ɗaya, an raba filin gida uku: Tudu, Tsakiya da Gangare. Bambancin tsayi tsakanin Tudu da Gangare bai kai mita ɗaya da rabi ba, amma ƙasa uku ce daban.

A Tudu, saman santimita 10 ne kaɗai ke da ɗan duhu. Daga nan har ƙasan ramin farin rairayi ne, bangon ramin ma ba ya tsayuwa, zubowa yake yi. A Tsakiya duhun ya kai santimita 20, kuma daga santimita 70 an fara ganin ɗigo-ɗigon ja da ruwan toka, alamar nan ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. Gangare baƙar ƙasa ce mai saiwoyi ruɓaɓɓu, ruwa ya tsattsafo a santimita 45, taɓon ƙasan kuma yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. An ɗebi wannan taɓon an baza shi siriri a cikin leda, da danshinsa, ba a ɗaure bakin sosai ba, an ajiye a inuwa. Sai bayan mako takwas za a duba shi, don a ga ko tsaminsa zai canza idan ya sha iska.

A rijiyar da aka tarar a Tsakiya, daga saman ƙasa zuwa ruwa mita 1.8 ne.

19 ga Nuwamba

Gwajin kwalba: ƙasa rabin kwalba, ruwa ya rufe, ɗan garin sabulu, a girgiza sosai a ajiye. Rairayi yana kwantawa cikin minti ɗaya zuwa biyu, lallausar ƙasa bayan awa biyu, yumɓu sai ya kwana ɗaya ko biyu. A cikin santimita 10 na abin da ya kwanta daga Tudu, 9.2 rairayi ne, yumɓun bai wuce 0.3 ba. Tsakiya ta ɗan fi, amma ba da yawa ba.

An kafa guntun bututu mai faɗin santimita 15, an zuba ruwa tsayin santimita 5. A Tudu ya ɓace kafin minti huɗu. A baƙar fadama irin ta Kadawa ko Haɗeja ruwan nan sai ya yi awa yana kallon mutum.

Tsami, a ma'aunin pH (7 ne tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami ne): 5.3 a Tudu, 5.7 a Tsakiya, 6.3 a ɗanyen taɓon Gangare. Akwai wani ɗan layi a kudancin Tudu mai ɓaraguzan ɓawon kawa da katantanwa, nan pH 6.9 ne, an yi masa alama don kada a zuba masa komai na rage tsami. Gishirin ruwan rijiya 0.5 dS/m, wato ma'aunin yawan gishiri a ruwa. Ga wanda na'urarsa ke nuna ppm, 1 dS/m kimanin ppm 640 ne. Ma'aunin da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 1985 ya ce ruwan da bai kai 0.7 ba ba shi da matsala, daga 0.7 zuwa 3.0 sai da lura, abin da ya haura 3.0 kuma cutarwa ne. Ruwan teku kusan 50 yake.

Hukuncin farko: ƙasar ba mai guba ba ce, fanko ce. Rariya ce, abin da aka zuba na ruwa ko na taki wucewa yake yi.

3 ga Disamba

An yanka fangali 24, kowanne mita 1.2 sau 10, wato murabba'in mita 12. Goma sha huɗu a Tsakiya, goma a Tudu, Gangare ba a taɓa ba. Na Tudu an nutsar da su santimita 10 ƙasa da hanya saboda rani, na Tsakiya an bar su daidai da ƙasa.

An watsa garin dolomait, wani dutse mai rage tsamin ƙasa, giram 100 a kowace murabba'in mita a Tudu, 60 a Tsakiya, aka cakuɗa da saman santimita 15, aka jiƙa. An zaɓe shi a kan farar ƙasa zalla saboda yana ɗauke da magniziyam, wanda rairayi mai tsami ya saba rasawa. Rairayi ba ya son yawa: abin da ƙasar yumɓu za ta shanye ba ta motsa ba, nan sai ya tura pH ya haura 7, ƙarfe da zink su kulle, sabon ganye ya fito fari. Wanda bai samu dolomait ba, toka giram 150 za ta yi, amma kada ta haɗu da yuriya ko ɗanyen kashin kaji a rana ɗaya, ƙarfin takin iska zai bi.

Gyaran ƙasa iri huɗu aka gwada, fangali shida-shida. Na farko kamfa kaɗai. Na biyu takin kaji da ya ruɓe mako shida, kilo 2 a murabba'in mita. Na uku takin kaji tare da garin gawayi kilo 1, wanda aka fara jiƙa shi cikin ruwan taki mako biyu, don busasshen gawayi yakan fara zuƙe takin da ke ƙasa kafin ya saki. Na huɗu irin na uku ne, sai dai an haƙa fangalin santimita 30 an jera ɓawon kwakwa a ƙasa, cikinsa yana kallon sama, sannan aka mayar da ƙasar. Ɓawon kwakwa a Badagry kusan kyauta ne, amma na bakin teku yana da gishiri: a jiƙa shi, a canza ruwan sau uku, sai gishirin ruwan wankin ya sauko ƙasa da 1.0 dS/m.

Takin kajin da ake kawowa daga gidajen gonar yankin rabinsa garin katako ne. Idan aka binne shi ɗanye, ƙwayoyin ƙasa za su ci sinadarin naitirojin don su narkar da katakon, shuka ta yi rawaya alhali mai lambu yana ganin ya zuba taki.

An yi lissafin kawo jar ƙasa mai yumɓu daga tudun arewacin ƙorama. Don a ɗaga yumɓun saman santimita 15 daga kashi 3 zuwa kashi 8 cikin ɗari, da ƙasar da kashi 30 nata yumɓu ne, ana buƙatar sama da kilo 50 a kowace murabba'in mita, kilo 600 ke nan a fangali ɗaya. Ba ya biyan kuɗin tifa. Fangalin renon iri guda biyu kaɗai aka yi wa.

7 ga Janairu, 2024

Ban-ruwa. Rairayin nan yana riƙe wa shuka milimita 5 zuwa 7 na ruwa a kowane santimita 10 na zurfi. Saiwar latas da alayyafo ba ta wuce santimita 20, ajiyar duka milimita 10 zuwa 14 ce, kuma shuka tana fara wahala tun an sha rabi. Rana da iska suna ɗauke kusan milimita 4 zuwa 5 a yini. Ma'ana, abin da ke cikin ƙasa na kwana ɗaya ne tak.

Don haka lita 5 a murabba'in mita kowace rana, lita 60 a fangali: buta huɗu mai lita 10 da safe, biyu da la'asar. Tsarin da aka sani a gida, na cika fangali ya yi tafki a dawo bayan kwana huɗu, an gwada shi a fangali biyu don kwatance. Kashi biyu cikin uku na ruwan ya wuce ƙasan saiwa a sa'ar farko, washegari da azahar ganye ya langaɓe.

Wata matsala ta busasshen rairayi: idan ya bushe ƙarau, ruwa yana taruwa a sama ya gangara gefe, a tona a ga ƙasan a bushe. A fara yayyafi kaɗan, a jira minti goma, sannan a ba da sauran. Rufe fangali da busasshiyar ciyawa kaurin santimita 5 ya kawar da wannan, ya kuma sa ana iya tsallake ban-ruwan la'asar a ranakun hunturu.

Taki shi ma kaɗan-kaɗan. Maimakon kamfa 15-15-15 giram 30 a murabba'in mita lokaci guda, an raba uku, giram 10 duk kwana goma. Murfin kwalbar lemo cike kimanin giram 6 ne, irin awon da manoman gero a Nijar suka saba da shi. Ga kayan ganye, yuriya giram 10 a buta ɗaya ga murabba'in mita huɗu, mako-mako, a bi da ruwa zalla a wanke ganyen.

28 ga Janairu

Yankan alayyafo na farko, matsakaicin fangali: kamfa kaɗai kilo 7, takin kaji kilo 16, da gawayi kilo 18, da ɓawon kwakwa a ƙasa kilo 21. Babban tsallen tsakanin na farko da na biyu yake. Gawayi bai nuna kansa sosai ba tukuna, ba a kuma sa ran hakan a zagaye ɗaya.

Latas ya yi kyau a sanyin hunturu. Lalo, wanda Yarbawa ke saye da sunan ewedu, da lawashi suna tafiya yadda ake so. Karas ya miƙe sambal a Tudu tun da babu dutse. Tsohon ganyen kokwamba ya fara rawaya tsakanin jijiyoyi a fangalin kamfa kaɗai, alamar ƙarancin magniziyam, an fesa gishirin Epsom mai ɗauke da shi giram 10 a lita.

An buɗe ledar taɓon Gangare. pH ya faɗo daga 6.3 zuwa 3.6, da ɗigo-ɗigon rawaya kalar karan dawa. Taɓon yana ɗauke da ƙarfe mai kibiritu, wanda ke zaune lafiya muddin yana ƙarƙashin ruwa, amma da ya sha iska sai ya koma ruwan batir. Wannan ya kashe shawara biyu da aka zo da su: haƙa lambatu don busar da Gangare, da kwaso baƙin taɓon a zuba a fangali a matsayin taki. Baƙinsa yana ruɗin ido, wanda ya saba da fadama zai rantse dukiya ce. Za a bar Gangare a jiƙe yadda aka same shi.

18 ga Fabrairu

Gefen ganyen latas da lawashi ya fara ƙuna, farin ɓawo ya bayyana a bakin fangali. Ruwan rijiya ya sauka zuwa mita 2.5, gishirinsa 1.4 dS/m da safe, 1.9 bayan an kunna inji.

Ga yadda abin yake. A irin wannan tudun, ruwan daɗi ba kogi ba ne a ƙarƙashin ƙasa, ruwan sama ne da ya nutse yake yawo a kan ruwan gishiri saboda ya fi shi rashin nauyi. Bambancin nauyin kashi ɗaya cikin arba'in ne, don haka duk mita ɗaya na ruwan daɗi da ke sama da matakin teku, akwai kimanin mita 40 a ƙasansa. Juyin lissafin shi ne abin tsoro: a sauke saman ruwan da santimita 10 a daɗe a haka, ruwan gishiri ya taso mita 4 a daidai ƙasan rijiyar. Injin fetur mai inci biyu yana jan kusan lita 500 a minti. Rijiya mai zoben siminti faɗin santimita 90 tana ɗaukar lita 640 a kowace mita. Kafin minti biyu ya kwashe ta, yana tsotso daga ƙasa.

Abin da kowa ke fara cewa shi ne a ƙara zurfin rijiya. A Kano hakan daidai ne. A nan kusantar gishiri ne. Matakan da aka ɗauka: an ajiye injin fetur, wanda tun cire tallafin mai a Mayun 2023 ya zama nauyi dama. An sa ƙaramin famfo mai hasken rana da ke ba da lita 15 a minti, yana zuba wa tanki mai lita 2,000. An ɗaure bakin tiyo da galan mai iyo yadda ba zai nutse fiye da santimita 30 daga saman ruwa ba. Buƙatar fangali 24 lita 1,440 ce a yini, ɗan sama da awa ɗaya da rabi na ja, an raba shi safe da yamma. An kuma fara haƙa rijiya ta biyu a Tudu, mita 35 daga ta farko kuma nesa da ƙorama, don rijiya biyu marasa zurfi sun fi ɗaya mai zurfi. Ita ma ƙoramar a wannan lokacin ba abin dogaro ba ce, da rani ruwan teku yana shigowa cikinta.

Juriyar gishiri ta bambanta. Karas yana fara raguwa daga 1.0 a ma'aunin ƙasa, albasa 1.2, latas 1.3, tattasai 1.5, kabeji 1.8, tumatir da kokwamba 2.5. Ana iya wanke gishirin ƙasa da ƙarin ruwa, amma da ruwa mai 1.4 latas yana buƙatar ƙarin sama da kashi ɗaya cikin huɗu, tumatir kuwa kashi ɗaya cikin takwas. Wannan ƙarin daga rijiyar da ake lallashi zai fito, kuma da taki zai tafi. Ga zafin bana ya yi tsanani, latas ya fara tsiri yana ɗaci. An cire latas da karas daga jadawali har sai ruwan sama ya sauka, an mayar da fangalinsu na alayyafo da kokwamba.

10 ga Maris

Gishirin rijiya ya tsaya a 1.1, bai ƙara hawa bayan ja.

Kuɓewa a fangali uku na Tudu ta tsugune, tana yaushi da rana ko da ƙasa a jiƙe. An tuge, saiwar duk ƙulle-ƙulle ne: tsutsar saiwa ce, wadda ido ba ya gani, kuma rairayi mai ɗumi ne gidanta. A bambanta da ƙullin saiwar wake ko gyaɗa, wanda ke manne a gefe yana cirewa da yatsa. Na tsutsa kumburin saiwar ce kanta. An tuge duka an ƙone, an jiƙa fangalin sharkaf, an rufe da farar leda mai haske, an binne gefunan, za ta yi mako shida. Baƙar leda ba ta dafa ƙasa kamar fara. Bayan nan tunkuzar 'ya'yan darbejiya giram 200 a murabba'in mita, sai masara, ba kuɓewa ko lalo ba.

Tumatir a Tsakiya ya kamu da wani abu daban: tsiro yana kore shar, dare ɗaya ya kwanta. An yanki kara an rataya a kofin gilashi mai ruwa, cikin minti biyar farin zare kamar madara ya fara sauka. Ciwon yaushi ne na ƙwayar bakteriya da ke zaune a ƙasa, ba ya jin feshi. Fangalin ya haramta ga tumatir, tattasai, attarugu da yalo na shekaru. Wannan ciwon da laimar iska suna cikin dalilan da suka sa har gobe kasuwar Mile 12 ta Legas take jiran kwandunan tumatir na Arewa. Tumatir na gaba a buhu za a yi shi, a ɗaga shi daga ƙasa.

Albasa mai kai ba ta yi ba. Ganye ya kamu da tabo mai ruwan hoda, kawunan ba su wuce ƙwan zabo ba. Sanyin da bushewar da take samu a Aliero ko Galmi babu su a nan. A sayar da ita lawashi tun tana mako bakwai, ya fi riba.

14 ga Afrilu

Ruwan farko ya sauka, iskar kudu maso yamma ta dawo da ƙarfi. Ganyen da ke fuskantar teku kaɗai ke ƙuna, wannan ya nuna feshin gishirin iska ne, ba na rijiya ba. An kafa shinge na ganyen kwakwa tsayin mita 2 a kudu da yamma, an bar shi da ƙofofi kusan rabi, don toshe shi gaba ɗaya yana sa iska ta tsallako ta faɗo da ƙarfi a bayansa. Yana kare kimanin ninki takwas zuwa goma na tsayinsa, saboda haka sai an ƙara layi na biyu a tsakiyar fili. An dasa zogale a bayan shingen.

9 ga Yuni

An ɗaga fangalin Tsakiya santimita 30, an cike na Tudu sun dawo daidai da ƙasa. Ruwan rijiya ya hau zuwa mita 1.1, gishiri 0.4. An yi wa fangalin reno rumfar leda, iri yana ruɓewa daga gindi idan ruwa ya yi masa duka.

6 ga Yuli

Ruwan ranar 3 ga wata, wanda ya mamaye unguwannin Legas, ya shafe Gangare gaba ɗaya, ya kuma kwanta a hanyoyin Tsakiya. Abin lura: ba daga sama ruwan ya taru ba, daga ƙasa ya taso. Rairayi mai shanye ruwa cikin minti huɗu ba ya da inda zai kai shi idan ruwan ƙasa ya iso santimita 20. Fangali huɗu mafi kusa da Gangare sun yi kwana uku saiwa a ruwa, kokwamba da attarugun da ke ciki sun tafi. Lalo ya tsira. A Tudu ruwa bai kwanta ba, amma komai ya yi rawaya, takin da aka zuba mako guda kafin nan ya wanke. Daga yanzu har ƙarshen damina ba a zuba yuriya sai an ga sararin kwana biyu, kuma rabin awo.

Ɓawon kwakwan da ya taimaka da rani ya zama matsala a Tsakiya, yana riƙe ruwa a gindin saiwa. Wurinsa Tudu ne kaɗai.

18 ga Agusta

Ɗan tsagaitawar ruwan Agusta ya ba da damar sake awo. pH na Tudu ya koma 5.8 daga 6.4 da ya kai a Fabrairu, don haka dolomait giram 50 zai sake shiga kafin Nuwamba. Fangalin da suka samu gawayi sun fi sauran duhu, kuma su ne suka fi saurin farfaɗowa bayan wankin Yuli. Na takin kaji kaɗai sun kusa komawa fari, takin ya ƙone cikin wata takwas, kowane zagaye sai an ƙara kilo 1.

Dankali da kankana suna Tudu, masara tana fangalin da aka dafa da leda. Rabin fangalin Tsakiya an shuka musu wake don a binne shi ɗanye kafin ya yi fure. Ugu, ganyen miyar mutanen Kudu, yana hawa rumfa a gefen Tsakiya na sama.

Saura: a tuge masara a shuka kuɓewa layi ɗaya don a ga ko tsutsar saiwa ta ragu, a kafa sanda mai awo a rijiyoyin biyu a riƙa rubuta zurfi da gishiri duk Asabar daga Oktoba, a kuma haɗa kwararon rufin rumfa da tanki na biyu kafin ruwan Satumba ya kama. Renon latas zai fara a makon farko na Nuwamba, don a samu yanka biyu kafin rijiya ta haura 1.0.